Kawu, Kar Ka Faɗa!

Ko tsufa zai sa in manta hanyar gidanmu, ba zan taɓa mantawa da ranar muhawarar makarantarmu ba. Har yau in na tuna, sai in ji tafin ƙafata yana zufa. (Eh, tafin ƙafa yana zufa. Wanda bai taɓa jin kunya ta gaske ba ne kawai zai yi mini musu.)

Bari in fara faɗa muku ko ni wace ce, don ku san irin kan da abin ya faɗo wa. Ni ɗaliba ce a wata makarantar kwana ta 'yan mata a nan Kazaure, kuma abu biyu aka san ni da su. Na farko, baki. Umma tana cewa ranar da ake rabon baki sau biyu na shiga layi, ranar rabon hankali kuma ina can gefe ina ba wata labari. Na biyu, roƙo. Ba bara ba, Allah ya kiyaye, roƙon 'yan makarantar kwana nake nufi: sam mini sukari, sam mini garin kwaki, sam mini ɗan sabulu. Kayana kan ƙare tun zango bai yi rabi ba, sai in marairaice fuska in ce, "Ku taimaka wa 'yar talakawa, albashin Baba bai shigo ba." Da abin ya ishi 'yan ɗakinmu suka raɗa mini suna Sammini. Ban damu ba, tunda dai ana sammin.

Ina da kawu, yayan Umma, Kawu Buba. Bafulatani ne na gaske, rugarsa tana can cikin duwatsu tsakanin Roni da Gwiwa. Umma ce ta auri ma'aikacin gwamnati ta shigo gari, ni kuwa a gari aka haife ni, Fulatancina bai wuce gaisuwa da "a ƙaro nono" ba. Duk da haka ni ce 'yar gaban goshin Kawu. Ɓingel yake kira na, wato 'yar ƙarama, ko da yake na kusa kamo shi a tsawo.

Bara mutanen mazaɓarsu suka matsa wa Kawu ya fito takarar kansila, saboda shi ne mai raba rigima in shanu sun shiga gonar wani. Kawu ba shi da buhunan shinkafa na rabo, ba shi da atamfa mai hotonsa, ko motar lasifika ba shi da ita. Abin da yake da shi kaɗai shi ne mutane suna cewa, "Buba ba ya cin amana." Wannan maganar ce jarinsa duka. In ta zube, shi ke nan, sai ya koma bin shanunsa da kunya a ka. Shi ya sa ranar da zan koma makaranta Umma ta kama kunnena, kamawa ta gaske ba ta fatar baki ba, ta ce, "Ke, na san halinki. Ko da wasa kar in ji bakinki a maganar takarar Kawunki. Kin ji ko ba ki ji ba?"

Na ce, "Na ji, Umma." Kuma wallahi na ji ɗin. Riƙewa ce ta gagara.

Kafin mu je wajen muhawara, dole ku san Wule. Wule saniya ce a garken Kawu, ja mai farin goshi, ƙahonta ɗaya ya kalli sama ɗaya ya kalli ƙasa kamar masu gaba da juna. Ba ta da aiki sai cin takarda. Ranar da aka kawo fostocin Kawu ɗaure a bayan babur, kafin a gama gaisawa Wule ta zagaya ta cinye rabinsu, fuskar Kawu da hularsa da alamar jam'iyya duka. Labari ya bazu ƙauye-ƙauye. A kasuwa ana cewa ga ɗan takarar da saniyarsa ta riga kowa kaɗa masa ƙuri'a, a ciki. Daga ranar, Wule ta fi Kawu suna. In ka ce Wule a yankinmu, ka ce Buba.

To, a hutun damina na je rugar na tarar da ita fayau. Turaku ba shanu, sai 'yan maruƙa da wasu tsofaffin shanun tatsa. Na tambayi Bello, ɗan Kawu, wanda yake zaune a kan dutse yana feƙe sanda.

"Kai, ina shanun?"

Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya ce, "Ke, rage murya."

"Me ya faru?"

"Sun tsallaka."

"Sun tsallaka ina?"

"Nijar mana. Ta Babura. Ke ba ki ji an ce masu jangali suna tafe ba? 'Yar birni, ba abin da kika sani sai taliya."

Jangali dai harajin shanu ne, kuma na san sunan tun ina ƙarama, don kakarmu Nenne ta sha ba mu labarin yadda a zamanin ƙuruciyarta ake kora shanu bayan duwatsu in an hango masu karɓa. Sai na ce, "Har da Wule?"

"Ita ce ma a gaba. Ita ta san hanya."

Ya zaro wata takardar sefa, kuɗin Nijar, daga aljihu ya kaɗa mini a hanci, wai shaida.

Yanzu ku lura da kyau, don a nan wautar take. Bello taubashina ne. Ɗan kawu da 'yar gwaggo, ƙarya a tsakaninmu ba zunubi ba ce, gado ce. Ni da kaina na taɓa sa shi ya yi wa injin cire kuɗi sallama a bakin banki, na ce masa in bai gaishe shi ba ba zai ba shi ko sisi ba. (Ya yi sallamar har da durƙusawa, mutane suna kallo.) Duk mai hankali ya san Bello yana jiran ranar ramuwa. Amma ni, gwanar wayo, na haɗiye maganarsa ɗungum kamar yadda Wule ta haɗiye fosta, na dawo Kazaure da sirri yana yi mini ƙaiƙayi a harshe.

Da muka koma makaranta, Malama Binta mai kula da ƙungiyar muhawara ta kawo maudu'in ranar rabon kyaututtuka: "Ya kamata duk mai neman kujerar mulki ya bayyana wa jama'a shaidar biyan harajinsa." Aka sa ni a ɓangaren masu goyon baya, mai magana ta ƙarshe. Na yi murna, don har ga Allah na yarda da batun, kuma har yanzu ina nan a kai. Mutum ya ce mu ba shi makullin rumbun gari, ai ba laifi ba ne mu tambaye shi ko shi ya taɓa zuba ko da tiya ɗaya a ciki.

Ranar taro aka kafa rumfuna a fili, iyaye suka cika wuri, mu ɗalibai muna zaune a ƙasa cikin fararen hijabai kamar balbelu. Teburin manyan baƙi yana bayan masu magana, ta yadda in kana riƙe da makirufo ɗalibai da iyaye kake kallo, manyan suna kallon ƙeyarka. (Ku riƙe wannan. Wanda ya tsara zaman nan, ban yafe masa ba sai da aka daɗe.) Baba ya tafi Dutse aiki, Umma kuma ta aiko cewa ba za ta samu zuwa ba. Wato ba mai kama mini kunne a duk filin.

Kafin ni Rukayya ce ta tashi, jagorar ɓangaren adawa. Rukayya irin yaran nan ne masu tabarau da ba sa ɗaga murya, amma in sun yi magana sai ka ji kamar likita yana karanta maka sakamakon gwaji. Ta ce dukiyar mutum sirrinsa ce. Ta ce a ƙasar da ɓarayin shanu da masu satar mutane suke da kunne, duk wanda aka karanta abin da ya mallaka a bainar jama'a an nuna wa mugaye ƙofar gidansa. Ta ce hukuma ta duba takardun a ofis, amma ba sai mai shayi da mai faci sun sani ba. Ta ƙare da cewa, "Ko ba ɓarawo, akwai kambun baka. Wace ce a cikinku za ta yarda a buɗe akwatinta a gaban ɗakin kwana?"

Aka tafa mata. Na hango alƙalai suna gyaɗa kai suna rubutu. Na dubi 'yar takardar da na shirya, sai na ga hujjojina sun rame, sun zama kamar kajin da ruwa ya daka.

Aka kira ni. Na karɓi makirufo na fara yadda aka koya mana: "Mai girma shugabar zama, alƙalai masu adalci, mai kula da lokaci, abokan hamayyata da suka ɓata hanya, iyayenmu, 'yan uwana ɗalibai, assalamu alaikum." Na kawo maganar rumbu. Na kawo maganar rijiyar burtsatse da asibiti, cewa da kuɗin haraji ake yin su. Aka saurara, amma irin sauraren nan na ladabi. Wata dattijuwa a layin gaba har ta fara gyangyaɗi.

Ni kuwa ban iya jure a yi gyangyaɗi ina magana ba. Sai na ninke takardar na cusa a aljihu.

Na ce, "Jama'a, bari in daina karanto muku littafi. Ni da idona na gani. Akwai wani ɗan takara a ƙasar nan, ba zan faɗi sunansa ba, don an yi mini tarbiyya."

Dattijuwar ta buɗe ido ɗaya.

"Mutumin nan yana da shanu. In na ce shanu, ina nufin in na gaba suna shan ruwa a Roni, na baya ba su baro Gwiwa ba!"

A daidai nan sai wuri ya ɗauki tafi. Tafi mai ƙarfi, har wasu iyaye maza suna miƙewa tsaye suna ɗaga hannu. Na ji kaina ya kumbura ya kusa yaga hijabi. Na ce a raina, yau Rukayya ta shiga uku. (Ba ni ake tafa wa ba. Wani babban baƙo ne ya iso a makare ake raka shi teburin manya a bayana. Amma wa zai faɗa mini?)

Na ƙara murya. "Amma da zarar an ce masu jangali suna tafe, sai ka je rugarsa ka tarar da turaku suna hamma! Ina shanu? Sun tsallaka Nijar! Ba fasfo, ba biza, ba sallama! Su yi zamansu can suna kashe sefa har sai ƙura ta lafa!"

Ɗalibai suka kwashe da dariya, wasu har suna bugun ƙasa. Malama Binta tana gefe tana yi mini wata alama da ido, tana nuna bayana da haɓa. Na ɗauka cewa take lokaci ya kusa ƙarewa, sai na ƙara sauri.

"Kuma suna da jagora! Wata ja mai farin goshi, ƙaho ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ita ce direba, ita ce kwandasta. Ba ta bar takardar haraji ba, ba ta bar fosta ba, duk cinyewa take! Ina kira ga hukuma, a kamo Wule!"

Kun taɓa jin shirun da yake da nauyi? Ɗalibai 'yan gari suna ta dariya, amma ɓangaren iyaye ya yi tsit, kamar an ɗauke wuta ana tsakiyar biki. Wani mutum mai rawani ya dafe baki. Na ga wayoyi sun tashi sama, ana ɗauka. Kuma duk idanun ba ni suke kallo ba. Wani abu suke kallo a bayana.

Na juya a hankali.

Kawu Buba ne zaune a teburin manya, kusa da shugabar makaranta. Yana sanye da sabuwar babbar riga da ban taɓa gani ba, malfarsa a kan gwiwa, a gefen ƙafarsa kuma ga ƙwarya a rufe da faifai. Kindirmo ya kawo mini. Umma ce ta roƙe shi ya zo a madadinsu, don kar in ga iyayen kowa ban ga nawa ba.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Na roƙi duwatsun Kazaure ko ɗaya ya gangaro ya danne ni, suka yi kamar ba su ji ba. Abin da ke yawo a kaina kawai shi ne: na kashe Kawu. Mutumin da ba shi da komai sai sunansa, na ɗauki sunan na yanka a gaban wayoyin mutane, kuma kafin la'asar bidiyon zai isa hannun abokan hamayyarsa. Sai kuma fuskar Umma ta faɗo mini, kunnena ya fara zafi tun kafin a kama shi.

Kawu ya sunkuya ya yi wa shugabar makaranta magana. Ta gyaɗa kai. Aka miƙa masa ɗaya makirufon. Ya miƙe a nutse, ya yi sallama, ya gaishe da iyaye ɗaya bayan ɗaya kamar ba abin da ya faru, ya tambayi lafiyar gida da ta amfanin gona. Ni kuwa ina tsaye kamar turken da aka manta a fili. Sannan ya dube ni.

"Ɓingel."

"Na'am, Kawu." (Muryar da ta fito ba tawa ba ce. Ta wani ɗan tsako ce.)

"Wa ya faɗa miki jangali muke gudu?"

"Bello ne."

Iyaye suka fashe da dariya tun kafin ya ce komai, don da yawansu sun san Bello, kuma sun san matsayinsa a wurina. Kawu ya girgiza kai ya ce, "Taubashinki. To madalla. Jama'a, ku da kuke noma ku faɗa mata. In damina ta sauka, gero ya tasa, ina muke kai shanu?"

"Arewa!" in ji murya da yawa.

"Don me?"

Mai rawanin nan ya ce, "Don kar su cinye mu!"

Kawu ya ce, "Kin ji. Geron mutane muke gudu, Ɓingel, ba gwamnati ba. Tun kafin a haifi uwarki haka ake yi. In an yi girbi su dawo su ci kara, su bar wa mai gona taki."

Na sunkuyar da kai. Na ce a raina, shi ke nan, an gama da ni, saura a yi addu'a a tashi. Ashe Kawu bai ma fara ba.

"Amma yarinyar nan ta faɗi gaskiya a abu ɗaya," in ji shi. "Wanda yake son a ba shi amanar jama'a, ya nuna nasa hannun. Ni duk dabbar da na sayar a kasuwar kara, abin da hukuma take karɓa na biya, kuma duk mai son gani ya zo gida, ko a nan ma in an ce in kawo zan kawo. Sai dai akwai inda ba ta sani ba. Ku 'yan gari in kun ga Bafulatani da garke sai ku ce duk nasa ne. A ciki akwai na matarsa, akwai na 'yan uwansa mata, akwai na marayu. Shi makiyayi ne kawai." Ya juyo gare ni. "Ɓingel, Wule ta wace ce?"

"Taka ce, Kawu."

"A'a."

Na ɗago kai.

"Ranar sunanki na kama wata karsana na ce ta jaririya ce, kamar yadda muke yi. Ita ta haifi Wule. Wule kuma ta haifi nata, nata ma sun fara haihuwa. Duk wannan zuriyar, da ita mai cin fostar, ba ni da ko kofato a ciki. Naki ne. In akwai wadda za a kama a kan Wule, ga ta nan riƙe da makirufo."

Wayyo. Filin nan ya kife. Malama Binta ta juya baya tana riƙe da ciki. Daga cikin ɗalibai na ji muryar wata 'yar ɗakinmu ta tsaga hayaniyar: "Sammini?! Sammini ce mai shanu? Sukarina!"

Sai a lokacin na tuna Umma ta taɓa ce mini ina da 'yar saniya a wajen Kawu, tun ina firamare. Na ɗauka irin maganar da ake yi wa yara ce don su ci tuwo.

Kawu ya ɗaga hannu aka yi shiru. Na ga gefen bakinsa yana rawa, alamar yana danne dariya, amma fuskarsa kamar ta alƙali.

"To, mu a al'adarmu ba a ƙirga shanu a gaban mutane. Amma tunda mai su ta tsaya a nan ta ce a bayyana komai, ni ba zan hana ta ba. Bari in faɗa wa jama'a ko su nawa ne. Akwai Wule, akwai..."

A cikin ƙiftawar ido na hango komai. Na hango 'yan ɗakinmu sun yi layi kowa da gwangwanin sukarinta. Na hango ɓarayin da Rukayya ta ambata suna rubuta sunan Wule. Na hango kambun baka ya kama 'yan maruƙan da ban ma taɓa sanin nawa ba ne, amma tuni na fara ƙaunarsu. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na manta sarai akwai makirufo a hannuna.

"KAWU, KAR KA FAƊA!"

Lasifika ta ɗauka ta watsa. Na tabbata an ji ni a kasuwa, an ji ni a tasha, wasu sun ce har tsuntsaye sun tashi daga kan bishiyar ofishin shugaba. Ni, jarumar a-bayyana-komai, wadda ta gama kiran hukuma ta kamo saniya.

Da aka samu dariya ta ɗan lafa, aka kira Rukayya ta rufe nata ɓangaren. Ta taso a hankali, ta gyara tabarau, ta karɓi makirufo daga hannuna (sai da ta ɗan ja, don yatsuna sun ƙage), ta ce, "Alƙalai masu adalci, abokiyar hamayyata ta gama mini aikina. Na gode." Ta koma ta zauna.

Ba sai na faɗa muku wanda ya ci muhawara ba.

Bayan taro na lallaɓa wajen Kawu kamar kazar da aka tsamo daga rijiya. Na durƙusa na fara, "Kawu, don girman Allah..." Bai bari na ƙarasa ba. Ya miƙo mini ƙwaryar kindirmo ya ce, "Karɓi, na shanunki ne da aka bari a gida. Kar ki ce za ki biya, kayanki ne." Sannan ya rage murya ya ce, "Da kin zo kin tambaye ni tun a gida, da na faɗa miki. Baki kamar sanda yake, Ɓingel, ana duba wanda ke kusa kafin a wulwula." Wannan ne kaɗai faɗan da ya yi mini, kuma ya fi bulala shiga.

Amma hankalina bai kwanta ba, don bidiyo ya riga ya fita. Kwana da kwanaki ina jiran a ce an janye Kawu daga takara. Abinci ba ya wuce mini. (To, yana wucewa, amma ba da daɗi ba.) Har ranar ziyara ta zo, na hango Umma ta sauko daga adaidaita, na rufe kunnuwana biyu da hannu tun daga nesa.

Ta iso ta tsaya a kaina ta ce, "Sauke hannun."

Na sauke.

"Kin san abin da kika yi?"

"Na sani, Umma."

"Ba ki sani ba. 'Yan hamayya sun yanko inda kike cewa a kamo Wule sun watsa. Sai mutane suka ce a nuna musu ƙarshen. Da aka ga ƙarshen, yanzu daga Roni har Gwiwa ba maganar da ake sai ta mutumin da ya riƙe wa 'yar ƙanwarsa shanu tun tana cikin zanin goyo, bai taɓa sayar da ko ɗaya ba, bai ma taɓa gori ba." Ta nuna ni da yatsa ta ce, "Allah ne ya rufa miki asiri, ba wayonki ba."

Numfashin da na sauke a wurin, na rantse ya kaɗa hijabin Umma. Na ce, "To ashe ma taimakon sa na yi."

A nan ne ta kama kunnen.

Kawu dai ya ci kujerarsa, ko da yake ba da rata mai yawa ba, kuma ba zan ce saboda ni ba ne, don kunnena bai gama warkewa ba. A makaranta kuwa kasuwata ta mutu murus. In na ce a sam mini sukari sai a ce, "Hajiya mai garke, a sayar da kofato ɗaya mana." Sunana ya tashi daga Sammini ya koma Kar-Ka-Faɗa, har 'yan aji ɗaya da ba su san asalin maganar ba haka suke kira na, da ladabi, "Ina kwana, Anti Kar-Ka-Faɗa."

Da aka yi girbi shanu suka dawo, na je rugar. Bello ya tare ni tun daga bakin hanya, ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Ranki ya daɗe, masu jangali sun zo, sun ce a kawo mai Wule." Na bi shi da takalmi. Ya ce mun yi ɗaya da ɗaya, shi ya gaida inji, ni na kai ƙarar saniyata. (Ba mu yi ɗaya da ɗaya ba. Ina nan ina shiri.)

Wule tana tsaye a gindin wata bishiya tana tuƙa, ta dube ni da irin kallon da ake yi wa wanda ya kai ka ƙara aka kore shari'ar. Na shafa farin goshinta na ba ta haƙuri. Ta sunkuyo ta zare takardar sakamakon jarrabawata daga jaka ta fara ci, na ƙyale ta, don dama ba abin nunawa ba ce.

Da Kawu ya zo, na duba ba kowa kusa, na matsa na ce da raɗa, "Kawu, yanzu da muke mu biyu. Su nawa ne?"

Ya gyara malfarsa, ya dubi garken, ya dube ni.

"Ki fito takara," in ji shi. "Ranar sai in faɗa wa kowa gaba ɗaya."

Har yanzu ina kan bakana: duk mai son kujera ya nuna shaidar harajinsa, kuma in Allah ya kai ni ranar, zan nuna tawa, ko da ina kuka. Abin da ya canza kawai shi ne, yanzu kafin in ce a buɗe akwatin wani, nakan fara leƙawa in ga ko kayana ne a ciki. Kuma kafin in karɓi makirufo, ko a ina ne, sai na juya na gaida mutanen da ke bayana.